Idan 'yan sanda sun ce laifi ya ragu, me suka ƙirga?

Tambaya: "Ni 'yar jarida ce, ban daɗe da fara aiki ba. An ba ni rahoton 'yan sanda na ƙarshen shekara da ke cewa laifuka sun ragu, aka ce in rubuta labari a kai. Amma duk wanda na zanta da shi sai ya ce shi dai bai gani a ƙasa ba. Ta yaya ake haɗa waɗannan alƙaluma, kuma har ina zan yarda da su?"

Malama, kafin ki ɗora alƙalami ki riƙe abu guda: lambar da ke cikin rahoton nan adadin laifukan da aka rubuta ce. Adadin waɗanda aka aikata kuwa babu wanda ya san shi, har su 'yan sandan. Wannan ba yana nufin ƙarya suka shirga miki ba. Yana nufin kowane laifi sai ya ratsa ƙofofi da yawa kafin ya zama lamba, kuma a kowace ƙofa ana zubar da wasu. Na shafe shekaru aikina shi ne in ɗauki littafin da ake rubuta duk wanda ya kawo ƙorafi, in gwada shi da jerin laifukan da aka tura hedikwata, in ga me ya salwanta a hanya. Bari in bi da ke ta ƙofofin.

Ta farko ba ma a hannun 'yan sanda take ba. Sai wanda aka cuta ya san an cuce shi, ya kuma ga akwai amfani ya kai ƙara. Wanda aka sace wa mota da wuya ya yi shiru, domin kamfanin inshora ba zai saurare shi ba sai da takardar 'yan sanda. Matar da aka yi wa fyaɗe, ko wadda miji ke duka, ko wanda aka damfara ta intanet yana jin kunyar a ce masa wawa, yawancinsu a ciki suke barin abin. A Amurka, inda tun 1973 ake bin gidaje ana tambayar mutane abin da ya same su, shekara da shekaru sakamakon na nuna cewa a mafi yawan shekaru ko rabin laifukan cin zarafi ba sa isa kunnen 'yan sanda. Akwai kuma wani rukuni da babu mai kawo ƙararsa, kamar mallakar ƙwaya ko makami. Wannan sai an fita an nema ake samu. Idan kika ga laifin ƙwaya ya ninka a shekara guda, abin da kika tabbatar kawai shi ne 'yan sanda sun ƙara samame.

Ƙofa ta biyu ita ce kantar karɓar ƙara a ofishin 'yan sanda, kuma a nan gizo ke saƙa.

Wata rana ina zaune a gefe a wani ofishi, wata mata ta shigo tana haki, ta ce wani ya fizge mata waya a hannu, ya hankaɗe ta har ta faɗi. Ga gwiwarta ma ta kurje. Jami'in da ke bakin aiki bai yi mata tsawa ba. Cikin ladabi ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Kin ga fuskarsa?" Ta ce ba ta gani ba. Ya ce, "Kin dai tabbata ba a wajen faɗuwar wayar ta suɓuce miki ba?" Ta yi shiru. Ya ce, "Yanzu dai ba takardar da za ki kai a dawo miki da layinki kike so ba?" Ta ce ita ce. Ya rubuta mata takardar ɓatan kaya, ya buga hatimi, ta yi godiya har da addu'a, ta tafi.

Abin da ya same ta zai iya shiga ɗaya daga cikin gurabe uku. Ɓatan kaya, wanda ba laifi ba ne, ba ya shiga ƙididdiga sam. Sata, ƙaramin laifi. Ko fashi, tunda an yi amfani da ƙarfi, kuma bisa abin da ta faɗa da bakinta nan ne gurbinsa. Ita ta samu takardarta, shi ya rabu da fayil ɗin da ya san ba za a taɓa kama kowa a kansa ba, ofishinsu kuma ya tsira daga fashi ɗaya a lissafin wata. Babu wanda ya zauna ya goge lamba. Galibin laifukan da ke ɓata a haka suke ɓata, cikin lalama, ba da wata babbar maƙarƙashiya ba.

Kusan ko'ina 'yan sanda na da rubutu iri biyu. Akwai littafin abubuwan da suka faru, inda kowane kira da kowane ƙorafi ke shiga, har rigimar maƙwabta da yaron da ya ɓata. Sannan akwai rajistar laifuka, inda abu ke samun lambarsa, a buɗe masa fayil. Daga rajistar nan ake ɗebo ƙididdiga. Don haka tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: wa ke yanke hukuncin ɗauke abu daga littafi na farko zuwa na biyu, kuma da wane ma'auni?

Ingila da Wales sun amsa wannan a rubuce a watan Afrilun 2002. Ƙa'idarsu ta ce idan mutum ya zo ya ce an yi masa laifi, abin da ya bayyana kuma laifi ne a doka, to a rubuta, muddin babu wata hujja mai ƙarfi da ta nuna akasin haka. Ba sai an kawo shaida ba. A rubuta tukuna, bincike ya biyo baya, kuma yanzu wa'adin rubutawar awa 24 ne. Soke laifin da aka riga aka rubuta kuwa sai an samu ƙarin bayani da za a iya tabbatarwa cewa bai faru ba. Kowace ɗaya daga cikin rundunoninsu 43 tana da magatakardan laifuka, wanda aka tsara ya kasance ba ya ƙarƙashin masu bincike, don kada wanda lambar za ta shafa ya zama shi ne alƙalinta. A Indiya ma sai da kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a 2013 cewa wajibi ne ɗan sanda ya rubuta rahoton farko idan bayanin da aka kawo ya nuna babban laifi, ba shi da ikon cewa sai ya fara bincikawa ya gamsu. Ruwa ba ya tsami banza: da ba a korar mutane daga kantar 'yan sanda, da maganar ba ta kai kotun ƙoli ba.

To an rubuta. Saura a ƙirga, kuma ƙirgar ba ɗaya, biyu, uku ba ce kamar yadda ake zato.

Ɗauki misali. Ɗan fashi ya tare motar haya mai fasinja ashirin, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya karɓe abin da ke hannunsu. Laifi nawa aka yi? A ƙa'idar Ingila, wadda ke ƙirga laifi ɗaya ga kowane wanda aka cuta, fashi ashirin ne. A tsohon tsarin Amurka da ake kira UCR, wanda FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta ƙasar, ta karɓi ragamarsa a 1930, fashi ɗaya ne, domin aika-aika guda aka yi a wuri guda a lokaci guda. Dare ɗaya, ɓarawo ɗaya, amma wata ƙasa ta rubuta ashirin, wata ta rubuta ɗaya, kuma kowacce ta bi dokarta sau da ƙafa.

Ga wani. Mutum ya shiga kanti da bindiga, ya kwashe kuɗi, ya harbe mai kantin ya mutu. A wancan tsohon tsari na Amurka akwai ƙa'idar fifiko: idan laifuka da yawa suka haɗu a lamari guda, mafi girma kaɗai ake ƙirgawa. Jerin ya fara da kisa, sai fyaɗe, sai fashi, sai mummunan rauni, sai fasa gida, sai sata. Don haka kisa za a rubuta, fashin ya ɓace kamar ba a yi ba. Hukumar tattara bayanan laifuka ta Indiya, wadda aka kafa a 1986, ita ma da irin wannan ƙa'ida ta babban laifi take aiki. Sabon tsarin Amurka, NIBRS, yana ba da damar rubuta laifuka har goma a lamari guda, tare da bayanin wanda aka cuta, wanda ake zargi, alaƙarsu, makamin da wurin. Ya fi kyau nesa ba kusa ba. Sai dai garin da ya koma sabon tsari yakan ga wasu lambobinsa sun ɗan tashi, alhali ko ɓarawo ɗaya bai ƙaru a titi ba.

Wanda ya fi jawo shirme a kafafen labarai shi ne batun maimaici. Mace ta zo ta ce mutum ɗaya ya yi mata fyaɗe sau da yawa cikin shekara. A Suwidin ana ƙoƙarin rubuta kowane karo a matsayin laifi mai zaman kansa. A Ingila, idan mai laifin ɗaya ne, wadda aka cuta ɗaya ce, kuma a zama guda ta kawo ƙarar, laifi ɗaya ake rubutawa. Suwidin kuma tana ƙirga laifi tun ranar da aka kawo ƙara, ya kuma zauna a ƙididdigar ko da bincike daga baya bai tabbatar da shi ba. Jamus ta bi ta ɗaya ɓangaren: sai 'yan sanda sun gama bincikensu za su miƙa fayil ga mai gabatar da ƙara sannan ake ƙirgawa. Duk ranar da kika ga wani ya jera ƙasashe a tebur yana cewa wannan ta fi waccan fyaɗe, ki tambaye shi ko ya san da wannan. Yawanci bai sani ba.

Ma'anar laifin kanta ma tana sauyawa. Har zuwa ƙarshen 2012, fyaɗe a ma'aunin FBI sai wanda aka yi wa mace da ƙarfi. Daga Janairun 2013 aka faɗaɗa, ya haɗa da maza, aka kuma jingina shi da rashin amincewa maimakon ƙarfi. A Ingila a 1998 aka shigar da ƙaramin duka cikin laifukan da dole a kai rahotonsu ga gwamnati, nan take adadin cin zarafi ya yi tsalle. Wanda ya ja layi daga shekarar da ta gabaci irin wannan sauyi zuwa wadda ta biyo baya ya ce ga yadda laifi ya ƙaru, mudu biyu ya auna da su.

Akwai kuma batun shekara. Yawancin ƙasashe suna sa laifi a shekarar da aka rubuta shi, ba shekarar da aka aikata ba. Harold Shipman, likitan nan na Ingila da ya daɗe yana kashe majinyatansa, an yanke masa hukunci a 2000. Bayan kwamitin bincike ya gama aikinsa, sai aka zuba kisa 172 gaba ɗaya a ƙididdigar shekarar 2002 zuwa 2003, alhali mutanen sun mutu a tsawon shekaru masu yawa kafin nan. Mai duba jadawalin kisa na ƙasar ba tare da karanta ƙaramin bayanin da ke ƙasa ba zai rantse wani bala'i ya auku a wannan shekarar. Amurka kuma da ta zo kan harin 11 ga Satumban 2001, FBI ta ware mamatan daban, ba ta haɗa su da adadin kisan shekarar ba.

Daga ofishi lambobi kan hau zuwa hedikwatar runduna, daga nan zuwa hukumar ƙasa, a tantance, a fitar. Wannan matakin ba shi da wani abin mamaki sai abu ɗaya: ba kowa ke aikowa ba. Amurka tana da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000, kuma gwamnatin tarayya ba ta tilasta musu tura bayanai. Da FBI ta daina karɓar tsohon tsari a farkon 2021, kusan kashi 40 cikin ɗari na hukumomin ba su aiko da komai na wannan shekarar ba, ciki har da New York da Los Angeles. Dole aka cike giɓin da ƙiyasi, shekarar da ta biyo baya kuma aka koma karɓar tsarin biyu. Idan haka ta faru da ƙasa mai kwamfuta a kowace motar sintiri, ki auna inda har yanzu da biro ake cike fom ɗin wata. Ofishin da bai aiko ba, sau da yawa sifiri ake gani a gurbinsa, sifirin kuma ya shige cikin jimla a matsayin zaman lafiya.

Yanzu ga abin da mutane suka fi son ji, wato ko ana murɗa lambobin da gangan. Ana yi, kuma dalilin a bayyane yake: wanda ake auna ƙoƙarinsa da lamba, shi ne kuma aka ba alƙalamin rubuta ta. A 1994 rundunar New York ƙarƙashin William Bratton ta ɓullo da CompStat, inda ake tara shugabannin shiyyoyi a gaban taswira, kowa ya yi bayanin abin da ya sa laifi ya tashi a yankinsa. Tsarin ya yi amfani, garuruwa da yawa sun kwaikwaya, ban kuma raina shi ba. Amma shugaban da ya san za a titsiye shi a gaban takwarorinsa yana da hanya biyu ta sauko da lamba, ɗaya kuma ta fi ɗaya sauƙi ƙwarai. A 2014 jaridar Los Angeles Times ta binciko cewa cikin shekara guda rundunar birnin ta sanya manyan laifukan cin zarafi kusan 1,200 a gurbin ƙanana. A shekarar dai, masu sa ido kan 'yan sanda a Ingila da Wales suka fitar da rahoto cewa kashi 19 cikin ɗari na laifukan da aka kai wa 'yan sanda ba a rubuta su ba, sama da 800,000 a shekara. A cin zarafi kashi 33 ne, a laifukan jima'i kashi 26. Tun a watan Janairun shekarar hukumar kula da ƙididdiga ta Birtaniya ta riga ta janye tambarin ingancin da ta ba alƙaluman 'yan sanda. Ki tuna, wannan ƙasar da ke da rubutacciyar ƙa'ida da magatakarda a kowace runduna ce.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin da na fi so 'yan jarida su gane. Da aka matsa wa rundunonin suka gyara rubutu, adadin cin zarafi da na laifukan jima'i a littafin 'yan sanda ya yi ta hawa shekara bayan shekara, kanun labarai suka yi ta kururuwa, alhali binciken gida-gida da ƙasar ke yi tun 1982 bai nuna irin wannan hawan a cin zarafi ba. Wani lokaci tashin lamba albishir ne: mutane sun fara yarda su zo, ko an daina korarsu. Saukarta kuma tana iya zama alamar sun fid da rai.

Kada ki ɗauka binciken gida-gidan shi ma tsarkakakke ne. Ba ya tambayar mamaci, ba ya isa ga marar gida ko na kurkuku, ba ya ƙirga abin da aka yi wa kamfani, mutane kuma suna mantuwa. Yana kuma ganin abin da aka tambaya ne kawai. Da Ingila ta ƙara tambayoyi kan damfara da kutsen kwamfuta, ƙiyasin da aka fitar a 2016 ya nuna laifuka miliyan 5.8 na wannan nau'i a shekara, waɗanda a da ba sa cikin lissafin ko kaɗan. Amfaninsa shi ne bai bi ta kantar 'yan sanda ba, don haka ana iya gwada shi da na 'yan sanda a ga inda suka raba hanya. Asibiti ma wani madubin ne. Wani likitan tiyata a Cardiff, Jonathan Shepherd, ya lura cewa da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa sashen gaggawa da raunin faɗa 'yan sanda ba su da labarinsu, daga nan aka fara raba bayanan wuri da lokaci tsakanin asibiti da 'yan sanda ba tare da sunan majinyaci ba.

A cikin duk lambobin da ke gabanki, ta kisa ce ta fi tsayawa da ƙafarta. Gawa tana da wuyar ɓoyewa, kuma akwai takardar shaidar mutuwa da za a gwada da ita. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta fi dogara da ita wajen kwatanta ƙasashe, musamman bayan 2015 da aka amince da tsarin bai ɗaya na rarraba laifuka don ƙididdiga, wanda ke bayyana laifi da abin da aka aikata maimakon sunan da dokar kowace ƙasa ta ba shi. Ko ita ma ba ta tsira gaba ɗaya ba, domin akwai mutuwar da ake rubutawa "ba a tantance ba", akwai kuma waɗanda suka ɓata ba a ga gawarsu ba.

Wataƙila rahotonki yana da shafin laifukan da aka "warware". Ki yi hattara da wannan kalma. A tsarin Amurka warwarewa tana nufin an kama mutum an tuhume shi, ko an gano shi amma wani dalili ya hana kamawa, kamar ya mutu. Ba ta nufin kotu ta same shi da laifi. Kuma ana lissafa ta a shekarar da aka yi kamun ko da laifin tsoho ne, shi ya sa ƙaramin gari zai iya cewa ya warware sama da kashi ɗari na kisan da aka yi a cikinsa.

Jimlar "dukan laifuka" kuwa ni ba na ko kallonta. Satar keke da kisan kai kowanne ɗaya ne a cikinta, kuma tunda ƙananan sata suka fi yawa, su ke jan ta sama ko ƙasa. Za a iya samun raguwar jimla a shekarar da fashi da kisa suka ƙaru, kin ga mutanen da kika zanta da su ba su yi ƙarya ba, rahoton ma bai yi ba. Ki kuma mayar da kowace lamba zuwa kason mutum 100,000. A ce gari mai mutum 50,000 an kashe 10, birni mai miliyan 2 an kashe 200. Na farko 20 ke nan, na biyu 10, ƙaramin garin ya ninka birnin. Sannan a ƙananan lambobi kaso yana ruɗi: daga 2 zuwa 4 ƙarin kashi ɗari ne, amma mutum biyu ne.

Idan kin kira mai magana da yawun rundunar, kada ki tambaye shi ko alƙaluman gaskiya ne, amsar a aljihunsa take. Ki ce ya ba ki su laifi-laifi, na shekara biyar aƙalla. Ki tambaya ko dukan ofisoshi sun aiko da na kowane wata, ko an sauya fom, ko kwamfuta, ko ma'anar wani laifi a tsakanin shekarun da ake kwatantawa. Ki tambayi ƙorafi nawa ya shiga littafin farko, nawa daga ciki ya zama laifi mai lamba, nawa aka soke daga baya, wa ya sa hannu a sokewar. Ki nemi adadin rahoton ɓatan kaya, ki aza shi kusa da na sata: idan sata na sauka ɓatan kaya na hawa, kin samu labarinki. Sai ki leƙa sashen gaggawa na babban asibiti ki ji ko masu zuwa da sara da harbi sun ragu. In an hana ki amsa, ki rubuta a kanun labarin cewa laifukan da 'yan sanda suka rubuta ne suka ragu, a sakin layi na biyu kuma ki faɗi tambayoyin da kika yi da ranar da kika yi su.